Lam ko koyiloba? Gardamar da muka sha da ƙanena a kan a-kori-kurarsa a Idles

A hutun makaranta da ya wuce, ƙanena ya same ni bayan sallar isha'i, waya a hannu, yana ta zumuɗi. Bidiyo ya nuna mini: wata a-kori-kura ce a hamadar Amurka, an ɗaga ta sama kamar raƙumi, tana tsallake tudun yashi tana dira ba ko gezau. Ya ce, "Yaya, ka ga abin da nake faɗa maka? Lam ɗin nan zan cire, in sa irin wannan." Nufinsa ya raba motarsa da sifirin mai falle-falle da ta zo da shi, wanda makanikan nan ke kira lam, ya sa wanda ake kira koyiloba a madadinsa. Kuɗin aikin kuwa shekara biyu ya yi yana tara su, kuma motar nan ita ke ciyar da gidansa da na mahaifiyarmu.

Ni malamin makaranta ne, ba makaniki ba. Amma na sha zama a bayan motocin nan har ƙuguna ya san bambancin hanya da hanya, kuma da na ga da gaske yake, sai na ɗauki 'yan makonni ina bin gareji ina tambaya.

Wanda bai san Idles ba sai ya fara sanin ƙasar da motar ke takawa. Garin yana arewacin duwatsun Ahaggar, a lardin Tamanrasset, a kan hanya mai lamba 55, wadda ta rabu da babbar hanyar Sahara kusa da In Amguel, ta bi ta Hirafok, ta yi gabas wajen Djanet. Daga nan ake haurawa Tazrouk, ko a yi arewa zuwa Mertoutek da duwatsun Teffedest. Da zarar ka kauce wa kwalta, abu uku za ka yi ta fama da su: gargada mai kaɗa haƙora, baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari tun zamanin da, da yashi mai laushi a cikin busassun koramu. A kan wannan ƙasa ake jan buhunan gari da sukari, tukwanen gas, siminti, durom-durom na mai, awaki, wani lokaci da mutane a saman kayan.

To mene ne lam, mene ne koyiloba? Yadda zan yi wa ɗalibaina bayani haka na yi wa ƙanena. Ɗauki rula huɗu ko biyar, doguwa a sama, gajeru a ƙasa, ka ɗaure su a tsakiya, ka ɗora bakin doguwar a kan littattafai biyu, ka danna. Wannan shi ne lam. Sai ka buɗe biro mai dannawa ka ciro ɗan ƙarfen nan mai murɗi. Wannan shi ne sifirin na naɗi. Idan aka zura shokazoba a cikinsa suka zama abu guda, da zobe mai zare da ake juyawa a ɗaga mota ko a sauke ta, shi ne koyiloba.

A nan ne abin da bidiyon bai nuna ba yake. Lam aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana ɗaukar nauyi, sannan yana riƙe aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu, a wurinsa. Shi ke hana aksil zamewa gaba ko baya idan an taka birki, shi ke hana shi gocewa gefe a kwana, shi ke hana shi murɗewa idan injin ya ja da ƙarfi. Koyiloba kuwa nauyi kaɗai ya sani. Ka tsayar da ƙarfen biron a tebur ka tura shi ta gefe, ka ga yadda zai langaɓe. Saboda haka duk wanda ya cire lam dole ya ƙera wasu sandunan ƙarfe, galibi uku ko huɗu, da za su riƙe aksil daga shasi, a mafi yawan tsari har da wata sanda a gicciye mai hana shi gocewa gefe. Kowace sanda tana da tsawonta da kusurwarta, kuma lissafi ne, ba ƙiyasin ido ba. In aka kuskure, mota za ta riƙa karkata da kanta duk lokacin da taya ɗaya ta hau dutse, ko farfela ta yi ta cin kanta saboda kusurwar da aka bar ta a kai.

Akwai kuma maganar shasi. Lam yana raba nauyi wuri biyu a kowane gefe, gaba da baya, a wuraren da kamfani ya ƙarfafa domin haka. Koyiloba yana tattara nauyin duka a wuri ɗaya a samansa, inda ba a gina shasin don ya ɗauka ba. Sai an yanke maƙalan lam, an yi walda a jikin shasi, an gina wata hasumiyar ƙarfe, wadda sau da yawa takan huda bodin baya ta cinye wurin kaya. Waldar da aka yi a gurguje a kan shasi kuwa, gargada ce ke gwada ta, kuma ba a gaban gareji take tsagewa ba.

Da na faɗa masa haka sai ya ce ai duniya ta ci gaba, lam kayan keken doki ne. Gaskiyarsa ta wani ɓangare, domin tun kafin a ƙera mota ake sa lam a kekunan dawakai. Amma mu duba abin da masu ƙera motocin suka yi da kansu. Toyota ta fito da Land Cruiser jerin 70 a 1984, kuma a-kori-kurarta mai lamba 75 lam ne gaba da baya. A 1999, da aka sauya ta zuwa mai lamba 79, sai kamfanin ya sa sifirin na naɗi a gaba, ya bar lam a baya, ya ma ƙara masa tsawo. Ba don bai iya ba ne, tunda Land Cruiser jerin 80 da ta fito a 1990 naɗi ne a tayoyinta huɗu. Sai dai ita ta mutane ce, waccan ta kaya. Hilux ma har yau lam ne a bayanta. Ford ta sa koyiloba a bayan Ranger Raptor da ta fito da ita a 2018, kuma nauyin kayan da aka yarje wa wannan mota ta ɗauka bai kai na Ranger ta yau da kullum ba. Land Rover ta koma naɗi a motocinta na aiki tun 1983, suna kuma ɗaukar kaya, amma shasi da sanduna da komai tare aka zana su tun daga takarda. Ba wanda ya zo daga baya da injin walda.

Koyiloba irin na bidiyon ɗan gidan tsere ne. A gasa irin ta Baja a Meziko da Dakar ya yi suna. Tsofaffin Tamanrasset suna tuna lokacin da motocin Paris zuwa Dakar ke ratsa garin su yi kudu zuwa Agadas, tun tseren farko na 1979. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne motocin tsere da yawa akwai ayarin makanikai da kayan gyara a bayansu. Cikin koyiloba akwai mai, da iskar naitirojin mai matsi, da robobin da ke hana su tsiyaya. Lokaci zuwa lokaci sai an kwance shi an sake robobin an sake cika iskar. Gaɓoɓin sandunan kuma ƙura na cinsu, ƙura kuwa ita ce abin da ba mu rasa ba.

Na taɓa ganin uwar lam ta karye a tsakiyar daji, a wata mota da aka yi wa lodi fiye da kima, ina cikin fasinjoji. Babu sabis na waya, kuma tun safe ba mu gamu da mota ko ɗaya ba. Direban, wani dattijo, bai ko ɗaga murya ba. Ya sa muka sauke kaya, ya ɗaga motar da jak, ya sassaro guntun icce ya cusa tsakanin aksil da shasi, ya ɗaure fallayen da waya da tsohuwar robar taya. A hankali muka lallaɓa har gari, bayan magariba. Washegari mai walda ya lanƙwasa wani tsohon falle ya sa. Na tambayi ƙanena: in sandar da ke riƙe aksil ce ta ɓalle daga shasi a wannan wuri, da wane icce za ka ɗaure ta? Ya yi shiru.

Motarsa kuma an riga an ɗaga ta, da ƙarafan da tsohon mai ita ya cusa tsakanin lam da aksil. Wannan ma matsala ce da kanta. Duk yadda mota ta ƙara tsawo haka take ƙara saurin kifewa, balle an jibga kaya har sun wuce kan direba. Kuma ɗagawar ba ta ƙara tazarar aksil da ƙasa ko da ɗan yatsa. Taya mai girma kaɗai ke yin haka. Ƙarafan nan su ke ƙara wa aksil damar murɗe lam a cikin yashi, har ka ji bayan mota na tsalle. Rabin wahalar da yake kuka da ita daga nan take.

Sai batun takardu. A Aljeriya, sauya ginin mota irin wannan sai hukumar ma'adinai ta lardi, wadda ke tantance motoci, ta duba ta amince, ga kuma binciken lafiyar mota da ake yi lokaci-lokaci. Motar da ƙafafunta suka saɓa wa takardunta, in tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, mai ita zai sha tambaya wurin jandarmomi da kamfanin inshora. Mu da yawancinmu 'yan ci-rani ne ko 'ya'yansu, ba mu da buƙatar ƙarin dalilin tsayawa a shingen bincike.

Kada a ce na yi wa koyiloba rashin adalci. Yana da daɗin hawa, wannan ba musu. Lam in ba kaya a baya dukan mutum yake yi, saboda fallayen na gogar juna ba sa saurin lanƙwasa. Mai yawo da baƙi huɗu zuwa Assekrem, ko mai kuɗin da ya ajiye mota don wasa da yashi, in ya samu gwanin da ya iya lissafin, zai ji daɗin kuɗinsa. Ƙanena ba ya cikin su. Siminti yake ja.

Da ƙyar ya sauko, kuma ba don maganata kaɗai ba. Wani tsohon makaniki a Tamanrasset ne ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce masa, "Ɗana, shokazobarka ta mutu tun bara, kai kana zargin lam." An cire ƙarafan ɗagawar, an sa sababbin fallaye da robobinsu, an sa shokazoba masu kauri da ba sa saurin zafi a gargada, an kuma koya masa rage iskar taya a yashi ya mayar in ya hau dutse. Kuɗin bai kai rabin abin da ya tara ba. Tsohuwar uwar lam ɗin kuma ya ɗaure ta da waya a bayan kujera, kusa da jarkar ruwa. Har yanzu dai bidiyon yana cikin wayarsa, na gan shi yana nuna wa yaron motarsa ranar Juma'a.