Ina Ruwan Rijiyarmu Ya Tafi?

Makon jiya wata uwargida a unguwarmu, nan Kano, ta ce mini, "Malama, ƙaƙa da damina ruwa ya ke cinye mana lungu, da bazara kuwa guga ya dawo da laka?" Na ce mata ai ruwan ɗaya ne. Wanda ya wuce ta ƙofar gida cikin Agusta, shi ne ta ke nema a rijiya cikin Afrilu.

Rijiya ba ta da ruwan kanta, sai abin da ƙasa ta sha da damina ta ajiye. Ƙarƙashin Kano kuwa dutse ne, ƙasar da ke bisansa mai riƙe ruwan ba ta da kauri ƙwarai. A zamanin kakanninmu tsakar gida yashi ne, unguwa kuma da kududdufinta inda a ka haƙi ƙasar gini, ruwa ya taru ya nutse a hankali. Yanzu an cike kududdufai da yawa an yi gini, rufi kwano, tsakar gida siminti, titi kwalta. Ruwa ya rasa hanyar shiga ƙasa, sai ya bi kwata a guje zuwa Jakara, in ya yi yawa ya faɗa ɗakunan mutane. Ga kuma burtsatse ko'ina, kowa na zuƙa, ba mai zubawa.

'Yan makaranta, ku yi wannan lissafi. Kano ta kan sami ruwan sama wajen milimita 800 a shekara. Rufi mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, zai zubo da lita 80,000, watau jarka 3,200 irin ta 'yan garuwa. Nawa ke nan a kuɗin cefane?

To, uwargida, in maigida ya kira magini, ki roƙe shi a bar gefe guda ba siminti, a dasa zogale. A kafa duro ƙarƙashin indararo, a rufe shi saboda sauro. A haƙa rami a cika shi da tsakuwa domin rarar ruwan rufi ta nutse, amma nesa da masai da gindin katanga. Kada kuma a zuba shara a kwata. Tun ran gini ran zane.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.