Rediyon Kuɗi Da Rediyon Kyauta: Wanne Ya Fi Dacewa Da Ke?

A wannan fitowar na ɗan ajiye alƙalamin labarin soyayya a gefe, domin in kawo muku wani batu da za ku ji kamar almara, alhali kuwa gaskiya ne tsagwaronta. Wai kun san akwai ƙasar da mutum zai zaro kuɗinsa duk wata ya biya, ba don komai ba sai don ya saurari rediyo? Rediyo dai wannan da kika sani, wadda Baba yake ratayawa a kafaɗa, Inna take ajiyewa a gefen murhu. To wallahi akwai, kuma masu yin hakan a ƙasar Amurka sun haura mutum miliyan 30.

Na san wata za ta riƙe haɓa ta ce, “Tabɗi! Su kuwa me ya yi musu zafi, ga ta kyauta a iska?” Ki bi ni sannu a hankali 'yar uwa, domin Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Yadda abin yake aiki

Tashoshin FM da muka saba ji, daga dogon ƙarfen da ke gidan rediyon suke watso maganarsu, kuma da wuya muryar ta wuce kilomita 100 ba ta fara shaƙewa ba. Shi ya sa in kika hau mota daga Kano za ki Kaduna, tun kafin ku kai Zariya sai ki ji tashar da direba ya kama ta fara shuuu, daga nan sai ta ɗauke ɗif. Ita kuwa rediyon tauraron ɗan Adam, daga ƙasa ake harba shirin zuwa wani tauraro da ke can sama, nisan kusan kilomita 36,000, shi kuma ya feso shi a kan ƙasa guda ko ma nahiya sukutum. Sai dai ba kowace rediyo ce take kamawa ba. Sai an sayi akwatinta na musamman mai 'yar eriya da ke kallon sama, sannan a riƙa biyan kuɗin wata. Ranar da kuɗinki ya ƙare, daga can ofishinsu za su toshe miki, ki yi ta murɗawa a banza.

A Amurka kamfanoni biyu ne suka fara wannan sana'a. XM ya fara a shekarar 2001 yana karɓar dala 9.99 a wata, Sirius kuma ya biyo baya a 2002 da dala 12.95. Suka yi ta gasa da juna suna tafka asara, har dai a 2008 suka ga ba sarki sai Allah, suka haɗe suka zama kamfani ɗaya, wato SiriusXM. Shi ne yake ci har yanzu a Amurka da Kanada, kuma wasu daga cikin tsare-tsarensa sun haura dala 20 a wata. Taurarinsa ba sa hasko ƙasarmu, don haka ko kin sayo akwatin kin kawo nan, sai dai ki ɗora shi a kan kabet ya zama kayan ado.

Me suke saye da kuɗin nasu?

Na farko dai, nisa. Amurka ƙasa ce mai faɗin gaske. Daga Niyok zuwa Los Anjalis a mota tafiyar kusan kilomita 4,500 ce, wato kamar ki je Legas daga Kano ki dawo, ki sake zuwa ki sake dawowa, kuma da saura. Direban babbar mota da zai kwana da yini a hanya cikin daji da hamada, shi kam in ya samu tasha ɗaya da za ta raka shi tun daga tashi har sauka ba ta yanke ba, ai ba zai ga kuɗin da ya biya a matsayin asara ba.

Na biyu, gudun talla. Tashoshin waƙoƙinsu ba a katse su da tallar sabulu ko ta magani, duk da cewa tashoshin hira da na labarai suna sa talla. Na uku kuma, yawan zaɓi, domin tashoshin sun fi 100, kowacce da abin da ta ƙware a kai: wannan ta waƙoƙin da ce zalla, waccan ta wasanni, wata ta barkwanci, wata ta yara.

Akwai kuma na huɗu, wanda shi ne ban so ba. Dokar da ta hana batsa a gidajen rediyon kyauta na Amurka ba ta hau kan rediyon kuɗi ba. Wani shahararren mai gabatar da shiri, Howard Stern, wanda bakinsa ba shi da linzami har hukuma ta sha cin tarar gidajen da yake yi wa aiki, ya tattara ya koma Sirius a farkon 2006 a kan yarjejeniyar dala miliyan 500 ta shekara biyar, inda ya samu damar faɗin abin da ya ga dama. Kin ga ke nan ba duk abin da aka sa wa kuɗi ne yake zama mai tsafta ba.

To amma fa kada ki ɗauka duk miliyoyin nan da ƙafarsu suka je suka nema. Dabarar kamfanin ita ce ya haɗa baki da masu ƙera motoci, a saka rediyon tun daga masana'anta, in mutum ya sayi sabuwar mota a ba shi 'yan watanni yana ji kyauta. Sai kunne ya saba, sannan a miƙo masa takardar biya. Shiga da sauƙi, fita kuwa sai an sha fama. A watan Disamba na 2023 babbar lauyar gwamnatin jihar Niyok, Letitia James, ta maka kamfanin a kotu a kan yana wahalar da masu son daina biya, ana ta ja musu rai da tayi iri-iri kafin a sake su. A Nuwamba 2024 alƙali ya yanke cewa lallai hanyar fitar ta fi ta shigar wuya, kuma hakan ya saɓa wa doka. Ki riƙe wannan a ranki, za mu dawo kansa.

An gwada a Afirka

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, mu nan Afirka aka fara kawo wa irin wannan rediyo tun kafin Amurkawa su samu. Wani lauya haifaffen Habasha mai suna Noah Samara ya kafa kamfanin WorldSpace a 1990, kuma niyyarsa mai kyau ce, domin ya ga yadda cutar ƙanjamau take cin mutane saboda rashin sani, sai ya yi burin isar da ilimi har ƙauyen da babu gidan rediyo kusa. Aka harba tauraronsa AfriStar a watan Oktoba na 1998, ya fara watsa shirye-shirye a 1999, aka ƙara harba AsiaStar a 2000 domin nahiyar Asiya. Manyan kamfanonin Japan irin su Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo su suka ƙera akwatunan farko. A Indiya har A.R. Rahman, mawaƙin nan da masu kallon finafinan Indiya suka sani, shi ya zama jakadan tallarsu.

Amma kash! Akwatin farko kuɗinsa ya haura dala 200, daga baya kuma aka ɗora kuɗin wata a kai. Ki duba fa, manomin da aka ce dominsa aka yi abin, wanda 'yar rediyonsa mai batir biyu take kamo masa Kaduna da Landan ba ko sisi, shi ne ake so ya sayar da akuyoyinsa ya sayi akwati, sannan ya riƙa biya duk wata. Ina! A watan Oktoba na 2008 kamfanin ya durƙushe, ya nemi kotu ta kare shi daga masu bin sa bashi, a lokacin masu biyansa duk duniya ba su kai 200,000 ba, kuma mafi yawansu a Indiya suke. A ranar ƙarshe ta 2009 aka rufe na Indiyar ma. Waɗanda suka zuba kuɗi suka sayi akwati sai suka wayi gari da ƙarfe a ɗaki.

Ni a nawa ɗan nazarin, ba tsada kaɗai ce ta kashe WorldSpace ba. An kawo wa mutane abin da ba shi suke ƙishirwa ba. Domin biyan kuɗin rediyo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A zamanin Turawa, cikin 1944, an buɗe wa Kano irin rediyon nan da ake jawo waya har gida a maƙala akwati a bango, mai gida yana biyan haya. Da rediyo mai batir ta yawaita, ga Sashen Hausa na BBC tun 1957, ga Rediyon Kaduna tun 1962, sai kowa ya kama ta kyauta, kuma da harshensa.

Abin da tauraro ba ya iya bayarwa

Tauraron da yake magana da nahiya guda a lokaci ɗaya, bai san unguwarku ba, bai san sunan Hakiminku ba. Ba zai gaya miki an ɗage ranar komawa makaranta ba. Ba zai yi cigiyar yaron da ya ɓata a kasuwa sanye da riga ruwan toka ba. Ba zai sanar da ɗaurin auren ƙawarki ba, balle rasuwar dattijon da za a yi wa jana'iza da ƙarfe biyu. Ina da gwaggo da ba ta yarda a yi mata surutu lokacin sanarwa, ta ce nan ne take sanin wa ya rage a cikin sa'o'inta, wa ya riga mu gidan gaskiya. Kuma sau da dama daga nan take yafa mayafi ta tafi gaisuwa, zumunci ya ɗore.

Ki tuna da shirin Zaɓi Sonka, yadda iyayenmu suke ba da labarin saurayi ya aika kati a gaishe da sahibarsa, ita kuma tana tsakar gida tana tankaɗe ta ji an ambaci sunanta, kunya ta rufe ta, daɗi ya cika ta. Ki tuna yadda ake karanta littattafanmu na Hausa a rediyo, matar da ba ta yi boko ba ta san labarin kaf, har ta fi mai littafin jin haushin kishiyar da ke ciki. Tun da Raypower ta buɗe a Legas a 1994 a matsayin gidan rediyo mai zaman kansa, Freedom Radio ta biyo a Kano a 2003, sai ga talaka yana buga waya ya kai kukan unguwarsu, na rashin ruwa ko na lalacewar hanya, kuma mahukunta su ji. Wannan fa ba a sayo shi daga sama.

Su kansu Amurkawan sun ga haka ranar wuya. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans a 2005, wuta ta ɗauke, wayoyi suka mutu, tashar garin mai suna WWL ita ta ci gaba da magana dare da rana, mutane suna maƙale da rediyo mai batir suna jin inda za a samu ruwa da mafaka, wasu suna cigiyar 'yan uwansu. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana.

Sai dai in faɗi gaskiya, ta kyautar ma ba kyauta ba ce ɗari bisa ɗari. Da kunnenki kike biya. Mai talla shi ya sayi lokacin, shi ya sa za ki ji mai magani yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana warkar da cuta goma, ko ɗan siyasa ya sayi fili yana wanke kansa. Don haka a ji da kunne, a tace da hankali, kada a sha duk abin da aka ji an yaba, musamman mu mata da ake yawan yi wa tallar kayan gyaran jiki.

Ina abin ya shafe ki?

Za ki ce to ai mu babu wannan rediyon a nan. Haka ne, amma ɗabi'ar biyan wata-wata ta riga ta shigo mana ta wasu ƙofofin: kuɗin dish, kuɗin data, da manhajojin waƙa da na finafinai masu cirar kuɗi da kansu. Dabarar kuma ɗaya ce da ta masu motocin can, a lasa miki zuma a baki, in kin saba a ce kawo. Ki lissafa dala 12.95 ɗin nan sau 12, za ki samu dala 155 da 'yan kai a shekara, alhali mai biya gani yake ɗan canji ne. Haka ɗari biyar ɗinki ta yau da dubunki ta gobe suke zurarewa, kuɗin da ya isa ya saya miki littafin karatu ko ya shiga adashe.

Shawarata gare ki 'yar uwa, kafin ki amince da duk wani abu mai kuɗin wata, ki tambayi kanki abu uku. Me zai ba ni wanda ba na samu a kyauta? Nawa zai ci mini a shekara, ba a wata ba? In na gaji, yaya ake fita? Direban Amurka yana da amsarsa, shi ya sa yake biya. Manomin Afirka bai samu amsa ba, ya riƙe kuɗinsa, kuma bai yi asara ba. Sannan ki duba wayarki da kyau, yawancin ƙananan wayoyin da muke riƙewa suna da FM a ciki, kina saƙala abin kunne za ta kama, ba ruwanta da data.

Kuma don Allah kada wani saurayi ya ruɗe ki da cewa shi ya wuce jin tashar gida, sai ta waje. Wanda bai san abin da ake ciki a garinsu ba, ranar da za a yi sanarwar da ta shafi danginki ma sai dai ya ji a bakin mutane. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A nan zan dasa aya. Mai ƙarin bayani ko saɓanin ra'ayi, ƙofa a buɗe take, ta rubuto mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.