Idan An Tuɓe Wa Namiji Riga Don A Sayar Da Lemo

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san wannan lokacin. Ana tafiya hutun rabin lokaci sai talla ta shigo: wani ƙato ya tuɓe riga, ƙirji a waje, ciki a ɗame kamar an sassaƙa. Sai can a ƙarshe ake nuna abin sayarwar, turare ko sabulun wanka. Mukan yi dariya mu wuce. Da mace aka nuna haka, da tuni mun fara Allah-wadai.

Abin ya daɗe. A 1985 kamfanin Levi's ya yi talla a Ingila, inda wani saurayi, Nick Kamen, ya shiga shagon wankin kaya ya cire wandonsa a gaban jama'a. A 1994 Diet Coke ta fito da tallar da matan ofis ke rububin leƙa taga da ƙarfe 11:30, don su ga wani lebura ya cire riga yana shan lemo. A 2010 kuma Old Spice ta ɗaura wa Isaiah Mustafa tawul, yana nuna wa mata cewa mazansu ba su kama ƙafarsa ba.

Dabarar ɗaya ce: a ja hankalin mace ta saya, a sa namiji ya ji ya gaza har sai ya saya. Shi kuwa wanda aka nuna, ba ruwan kowa da iliminsa ko halinsa. Jikinsa kawai ake buƙata.

Ko masu sa ido ma sun sha suka. A Janairun 2024 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta hoton tallar Calvin Klein na mawaƙiya FKA twigs, alhali a watan nan kamfanin na yaɗa tallar jarumi Jeremy Allen White daga shi sai ɗan kamfai, ba a taɓa ta ba. Daga baya hukumar ta sassauta hukuncinta.

Me ya shafe mu? A nan gida hukumar ARCON ce ke tantance talla kafin a sa ta, amma abin da ke shigo mana ta waya ba ya jiran izinin kowa. Mu leƙa bayan ɗakunan kwananmu da yamma, mu ga samari na ɗaga gwangwanayen siminti. Motsa jiki alheri ne. Matsalar ita ce mai gaggawa, wanda ke komawa ga allura da ƙwayoyin ƙara tsoka. Waɗannan na iya lalata hanta, su taɓa zuciya, su rage ƙarfin haihuwa. Ga shi jikin da ake kwaikwayo ma ba haka yake kullum ba: akwai mai da aka shafa, da hasken fitila, da gyaran kwamfuta.

Wasunmu na cewa ai an daɗe ana yi wa mata, yanzu an yi kunnen doki. Amma tuɓe namiji bai mayar wa ko mace ɗaya mutuncinta ba, kasuwar ce kawai ta ƙara faɗi.

Don haka mu rage tsokanar abokinmu siriri da "tsinke", mu bar kiran mai jiki "tulu". In kuma muka ga allura a jakar wani, mu zauna da shi tun kafin a kai ga asibiti.