Daren Deliget: Yadda Ake Zaɓar Mana Tun Kafin Mu Hau Layi

Ranar babban zaɓe uwargida sammako take yi. Ta dama koko, ta bar wa babbar 'yarta sanwar rana, ta saɓa goyo, ta je ta bi layi cikin rana har a zo kanta. Kuma ba mu da kaɗan. A rajistar hukumar zaɓe ta 2023 akwai mutum miliyan 93 da ɗoriya, kashi 47.5 cikin ɗari mata ne, waɗanda aka rubuta wa aikin gida a gurbin sana'a kuwa su kaɗai sun kai miliyan 13.

Sai dai takardar da ake miƙo mana alamun jam'iyyu ne a kanta: tsintsiya, lema, kwandon kayan marmari da sauransu. Mutumin da ke tsaye a bayan tsintsiya da wanda ke ƙarƙashin lema a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, an riga an tsayar da su wata tara kafin nan, cikin dare, a Abuja, kuma waɗanda suka tsayar da su duka-duka ba su wuce mutum dubu uku da 'yan kai ba. Su ne deliget. Abin da ya faru a kwana goma sha biyun ƙarshe na wancan zaɓen fidda gwani, daga 28 ga Mayu zuwa 8 ga Yunin 2022, ya cancanci kowace uwa ta san shi, don har yau cikin tukunyarmu muke ganin sakamakonsa.

Me ya sa deliget suka yi tsada haka?

Da farko majalisar tarayya ta so ta wajabta wa jam'iyyu 'yar tinƙe irin ta ƙato bayan ƙato, inda duk mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓi ɗan takara da kansa. Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a Disambar 2021. Dokar da ya sa wa hannu a Fabrairun 2022 ta ba da zaɓi uku: ƙato bayan ƙato, ko deliget, ko masalaha. Manyan jam'iyyun biyu duk suka ɗauki deliget.

Sai kuma aka gano wani tarko a cikin dokar. Yadda aka rubuta ta, deliget ɗin da aka zaɓo daga ƙasa ne kawai za su jefa ƙuri'a. Shugaban ƙasa, gwamnoni, sanatoci, tsofaffin masu muƙami da a da suke da kujera kai tsaye, duk an yi waje da su. Majalisa ta yi gaggawar gyara, shugaba bai sa hannu ba har aka shiga fili. Wannan ya rage yawan masu zaɓe ƙwarai. PDP ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, waɗanda aka tantance ba su kai 800 ba. APC ta ɗauki uku-uku, kimanin 2,300 ke nan.

Duk macen da ta taɓa zuwa kasuwa lokacin da tumatir ya yi wuya ta san abin da ke biyo bayan ƙarancin kaya. Jaridu sun cika da labarin rabon daloli a otal-otal na Abuja. Jami'an EFCC sun bayyana a filin taron PDP. Mohammed Hayatu-Deen, ɗaya daga cikin masu neman tikitin PDP, ya janye ana gab da farawa, yana kukan cewa kuɗi sun mamaye harkar. An ma ruwaito labarin wani deliget daga Kaduna da ya koma gida ya raba abin da ya samo ga marayu da mabuƙata, aka yi ta yaba masa. Yabon dai ya dace, amma ya kamata a tsaya a tambaya: wanda ya ba shi kuɗin, daga ina zai fanshe?

Tun kafin a zo nan ma, ƙofar shiga kanta ba ta talaka ba ce. Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 277 yana tari kafin ya sayi fom ɗin APC. Kuma ana wannan saye ne 'ya'yanmu na jami'a suna zaune a gida, ASUU ta shiga yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai Oktoba. Ƙaramin ministan ilimi na lokacin, Emeka Nwajiuba, yana cikin waɗanda aka yanka wa fom ɗin miliyan ɗari. Ƙuri'a ɗaya ya samu.

Daren da Tambuwal ya koma kan lasifika

PDP ce ta fara, ranar Asabar 28 ga Mayu, a filin wasa na MKO Abiola. Kafin ranar gidan ya riga ya fara yoyo. Rabi'u Musa Kwankwaso ya fice zuwa NNPP tun watan Maris. Peter Obi, wanda shi ne mataimakin Atiku a takarar 2019, ya miƙa takardar ficewa saura kwana uku a shiga fili, ya nufi Labour.

Waɗanda suka rage, ido yana kan biyu: Atiku Abubakar da gwamnan Ribas Nyesom Wike, wanda ya zaga jihohi yana neman deliget, har da na Arewa, kuma ya samu shiga fiye da yadda mutane da yawa suka zata. Kowane ɗan takara aka ba shi 'yan mintoci ya yi jawabi. Gwamnan Sakkwato Aminu Waziri Tambuwal ya yi nasa, ya sauka. Can kuma sai aka sake ba shi lasifika. Ya ce ya janye, ya roƙi magoya bayansa su zaɓi Atiku.

Sakkwato ƙananan hukumomi 23 gare ta, don haka ba yawan ƙuri'un jiharsa ne suka yi aikin ba. Saƙon ne: deliget ɗin Arewa da ke rarrabe suka gane inda manya suka sa gaba. Da aka ƙirga, Atiku 371, Wike 237, Bukola Saraki 70, sauran suka biyo baya.

Abin da ya ƙara wa Wike zafi yana da tarihi. A 2018, a taron Fatakwal, shi ne ya tsaya wa Tambuwal tsayin daka a kan Atiku. Mutumin da ka goya shekara huɗu da suka wuce, yau shi ya ja maka tabarma a bainar jama'a. Kashegari kuma bidiyo ya fita, shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu, wanda ya kamata ya zama uba ga kowa, yana rungumar Tambuwal yana kiransa gwarzon taron. Kowace uwa ta san abin da ke faruwa a gida idan yara suka yi faɗa, mai rabon ya fito yana yi wa ɗaya kirari.

Atiku ya ɗauki gwamnan Delta Ifeanyi Okowa a matsayin mataimaki, ya bar Wike. Daga nan gwamnoni biyar suka ja daga: Wike, Samuel Ortom na Binuwai, Seyi Makinde na Oyo, Okezie Ikpeazu na Abiya da Ifeanyi Ugwuanyi na Inugu. Buƙatarsu, tunda ɗan takara ɗan Arewa ne, Ayu ya sauka ɗan Kudu ya hau. Bai sauka ba, su kuma ba su yi wa Atiku aiki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A babban zaɓe Tinubu ya samu ƙuri'a kusan miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Ukun nan na baya, a farkon 2022 duk a inuwa ɗaya suke. A Kano kaɗai Kwankwaso ya tashi da kusan miliyan ɗaya, Atiku bai kai 140,000 ba.

Mako guda na ruɗani a APC

Da PDP ta tsayar da ɗan Arewa, sai lissafi ya rikice a APC. Wasu suka fara cewa ba mai iya kada Atiku sai wani ɗan Arewa, duk da cewa Buhari yana kammala shekara takwas. Ranar 31 ga Mayu shugaban ya gana da gwamnonin jam'iyyarsa, ya nemi su ba shi goyon baya wajen fitar da magaji, kamar yadda su ma aka bar su suka fitar da nasu a jihohi. Bai faɗi suna ba. Kowa ya shiga hasashe.

Bola Tinubu ya ga alamar za a yi ba da shi ba. Ranar 2 ga Yuni a Abekuta, gaban deliget ɗin Ogun, ya yi jawabi da Yarabanci cikin fushi, ya tuna wa jama'a rawar da ya taka har Buhari ya ci zaɓe a 2015, ya ce yanzu layi ya zo kansa. Kalmar nan ta "emi lokan" daga ranar ta shiga bakin mutane. Da yawa a Arewa sun ɗauka ya kashe kansa da bakinsa.

Ba haka ta kasance ba. Kwana biyu bayan nan akasarin gwamnonin APC na Arewa suka fitar da sanarwa cewa adalci shi ne mulki ya koma Kudu. Ranar 6 ga Yuni shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya shaida wa kwamitin gudanarwa cewa shugaban majalisar dattawa Ahmad Lawan ne ɗan takarar masalaha. 'Yan kwamitin da dama suka ce ba da yawunsu ba. Gwamnonin suka garzaya fadar shugaban ƙasa, suka fito suka jaddada matsayinsu, fadar kuma ta ce Buhari ba shi da ɗan lele. Cikin yini ɗaya masalahar ta mutu.

Ƙarfin gwamnonin daga ina? Daga lissafin ƙananan hukumomi. Kano tana da 44, wato deliget 132. Bayelsa tana da 8, deliget 24. Jihohi bakwai na Arewa maso Yamma suna da ƙananan hukumomi 186, deliget 558, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filin gaba ɗaya. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a yawancin jihohi sunayen deliget sai wanda gidan gwamnati ya yarda da shi. Gwamna ne ke ɗaukar nauyin mota, masauki da abinci, a ajiye su wuri ɗaya, a yi musu iyaka da baƙi. Kowa ya ci ladan kuturu, an san abin da ya hau kansa.

Daren Talata 7 ga Yuni a dandalin Eagle Square sai aka ga janyewa bi da bi: Godswill Akpabio, Ibikunle Amosun, Kayode Fayemi, Dimeji Bankole, Badaru Abubakar na Jigawa, duk suka bar wa Tinubu. Aka kwana ana jefa ƙuri'a. Ranar Laraba sakamako ya fito: Tinubu 1,271, Rotimi Amaechi 316, mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo 235, Lawan 152.

Shekara guda bayan nan, ranar rantsuwa, 29 ga Mayun 2023, sabon shugaba ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kuɗin adaidaita sahu da kwanon masara suka bi sahu. A yi adalci: Atiku da Obi su ma sun faɗa a kamfe cewa za su cire tallafin. Ma'ana, a kan wannan batu da ya fi taɓa cefanenmu, duk inda uwargida ta dangwala cikin manyan ukun nan, amsa ɗaya ce ke jiranta. Wurin da za a iya yin wannan muhawara shi ne lokacin fidda gwani, kuma a can lissafin shiyya da na ƙuri'ar deliget aka yi ta yi.

Mu fa, ina muke a filin?

A kan allon talabijin mun gani: mata da ashobi a rumfuna, ana guɗa, ana rawa. A layin jefa ƙuri'a kuwa hula da babbar riga suka fi yawa. A PDP mace ɗaya ce ta kai ga akwati, ta samu ƙuri'a ɗaya. Hakan ya tuna wa masu dogon tunani Sarah Jibril, wadda a Janairun 2011 ta kara da Goodluck Jonathan da Atiku a zaɓen fidda gwanin PDP, cikin dubban deliget ita ma ta tashi da ƙuri'a ɗaya tak. A APC mace ɗaya tilo, Uju Kennedy-Ohanenye, janyewa ta yi ta bar wa Tinubu. Wata uku kafin wannan duka, a farkon Maris, majalisar tarayya ta yi fatali da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa.

Ni a ganina, kuskure ne mu ci gaba da ɗaukar zaɓen fidda gwani a matsayin rigimar maza da ba ta shafe mu ba. Deliget ba daga sama yake faɗowa ba. Daga mazaɓa ake faro shi, a taron da sau da yawa ake yi a filin makarantar firamare ta unguwa, kuma sai mai katin jam'iyya ke da ta cewa. Katin zaɓe daban, katin jam'iyya daban, da yawanmu na farkon kawai muka sani. Idan ƙato bayan ƙato aka yi, wannan katin ne ƙuri'arki. Idan deliget ne, da shi za ki tsaya ki ce ba ki yarda da sunan da aka rubuto daga sama ba. Matan da ke iya riƙe adashin mutum hamsin shekara da shekaru ba tare da kwabo ya yi ciwon kai ba, ba za a ce ba su iya tara mutum hamsin a taron mazaɓa ba. Shugabar mata ta mazaɓa kuma, a daina tuna ta sai ranar rabon atamfa da sabulu. A tambaye ta yaushe ne taro, su wa aka rubuta.

Su dai waɗanda suka taka rawa a waɗancan darare ba su tashi a tutar babu ba. Akpabio ya zama shugaban majalisar dattawa. Badaru ya samu kujerar ministan tsaro. Tambuwal ya tafi majalisar dattawa. Wike, yana riƙe da katin PDP, ya zama ministan Abuja a gwamnatin APC. Uju Kennedy-Ohanenye an ba ta ma'aikatar mata a Agustan 2023, aka sauke ta a Oktoban 2024. A majalisar dattawan da wancan zaɓe ya haifar, cikin kujeru 109, huɗu ne na mata.