Taɓa Fuskar Waya da Gane Burauza: Matsaloli Biyu da Maganinsu

1.0 Gabatarwa

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome da Safari. Wannan takarda za ta yi bayani a kan matsaloli biyu da ke addabar shafukan da ake aiki da su ta wayar salula.

2.0 Amsa Taɓawa

A ɗauka cewa wani ɗan kasuwa a Tit, arewa da Tamanrasset a kudancin Aljeriya, yana biyan kuɗin kaya ta waya. Ya taɓa maɓalli, bai ga wata alama ba, sai ya sake taɓawa. Ta haka kuɗin na iya fita sau biyu.

Wani ɓangare na wannan jinkiri ya samo asali ne daga wayar iPhone ta 2007, inda taɓawa sau biyu ke ƙara girman rubutu. Saboda haka burauza kan dakata kusan sulusin daƙiƙa, ko taɓawa ta biyu na tafe. Chrome ta kawar da jinkirin a 2014, Safari kuma a 2016, muddin an tsara shafin daidai da faɗin fuskar waya. Sauran aikin na mai tsara shafi ne: maɓalli ya sauya launi nan take, sannan ya kulle har amsa ta iso.

3.0 Gane Burauza

Kowace burauza kan aika wa shafi ɗan rubutu mai bayyana sunanta. Sai dai wannan suna ba abin dogaro ba ne. Kusan dukkansu suna farawa da "Mozilla/5.0", al'adar da aka gada daga zamanin Netscape. Chrome ma tana ambaton Safari a cikin nata. Haka kuma, daga 2019 Safari ta iPad ta fara gabatar da kanta a matsayin kwamfutar Macintosh, har wasu shafuka suka riƙa ba ta tsarin da bai dace da yatsa ba.

Mafita ita ce shafi ya bar tambayar suna, ya gwada aiki: shin na'urar tana karɓar taɓawa? Hausawa na cewa gani ya kori ji.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, shafi nagari shi ne mai amsa wa yatsa cikin hanzari, mai kuma auna burauza da abin da ta iya.