Mece ce Habitat for Humanity?

Bayan rasuwar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter a Disamban 2024, sunan Habitat for Humanity ya yi ta fitowa a labarai, domin tun 1984 yakan ɗauki guduma ya shiga aikin gininta. Ƙungiya ce ta sa-kai mai gina gidaje don mabuƙata, wadda ba ta neman riba, Millard Fuller da matarsa Linda suka assasa ta a 1976 a garin Americus na jihar Jojiya, bayan sun jarraba tsarin a Mbandaka ta ƙasar da a lokacin ake kira Zayar.

Ƙa'idarta kuwa, mabuƙaci da iyalinsa sukan shiga cikin masu kwaɓa siminti da jera bulo, tamkar aikin gayya, sa'an nan ya biya kuɗin gidan sannu a hankali, a asalin tsarin babu kuɗin ruwa, wato abin da malamanmu suke kira ƙardul hasan. Kuɗin da ya dawo da shi ake aza harsashin gidan wani.

A Mubi, inda mamayar Boko Haram ta 2014 ta bar gidaje a ƙone, irin wannan tsari zai amfani tela ko ɗan tireda mai ɗan samu kowane wata. Gwauruwa mai marayu, wadda ba ta da abin biya, sha'aninta yana wuyan zakka da wakafi.