Hasken da ido ba ya gani, da yanar idon tsofaffinmu



Wani dattijo makiyayi ya aiko mana da tambaya daga Ngelbeli, cikin ƙasar Maine Sorowa. Idonsa na dama ya yi hazo, har ba ya rarrabe shanunsa sai sun matso kusa. Ƴaƴansa sun ce hoton ƙirjin da aka yi masa a likita shekarun baya ne ya ƙona idon. Maƙwabcinsa kuwa ya ɗora laifin a kan dogon ƙarfen wayar salula. To, Baba, ga amsa, kuma amsar ta shafi duk mai wuni a rana, tun daga tuddan rairayi na arewa har zuwa garaken tattasai na bakin Komadugu.

Masana sun gano cewa haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, ƙanana ƙwarai, kuma kowace ƙwaya da irin nata ƙarfi. In aka watsa maka mudun gero a baya, ba za ka ji rauni ba. Amma tsakuwa ɗaya daga majajjawa tana fasa goshi. Abin da ke fita daga gidan rediyo da ƙarfen salula, geron ke nan: ba shi da ƙarfin fasa ƙwayoyin jikin mutum. Hasken ɗaukar hoto na likita, wanda wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano a 1895, shi ne tsakuwar. A asibitocinmu ana ce masa “radiyo”, amma ba shi da dangantaka da akwatin da kuke saurarenmu a ciki.

A 1896 wani Bafaranshe, Bekerel, ya lura cewa yuraniyom yana fitar da irin wannan tartsatsi shi kaɗai, ba wuta, ba hayaƙi. Wannan shi ne ƙarfen da aka soma haƙowa a Arlit a 1971. Tartsatsin iri uku ne. Na farko takarda ma tana tare shi, amma in ya shiga huhu cikin ƙura, ɓarnarsa babba ce. Na biyu sai fallen ƙarfe. Na uku kuwa sai darma ko katangar siminti mai kauri. Ƴaƴanmu da ke zuwa neman kuɗi wajen ma'adinai su kiyaye ƙurar wurin, kada kuma su kwaso tarkacen ƙarfen ma'aikata su kawo gida a ƙera tukunya.

Gaskiya ne irin wannan tartsatsi, in ya yi yawa, yana kawo yana. An ga haka ga mutanen da suka share tashar Carnobil bayan hatsarin 1986. A 2011 ma hukumar duniya mai kula da wannan sha'ani ta rage iyakar abin da ya halatta ya taɓa idon ma'aikaci a shekara, daga awo 150 zuwa 20. Sai dai wannan maganar masu aiki da shi ce kullum. Hoton ƙirji guda ɗaya bai fi abin da kowa ke samu daga ƙasa da iska da sama cikin kamar kwana 10 ba, ko da bai taɓa taka ƙofar likita ba. Saboda haka, Baba, a wanke hoton nan daga zargi. Wanda likita ya ce a yi masa, ya tsaya a yi.

Mai laifin yana bisa kanmu. Cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, fata kuma ba ta jin zafinsa a take. Ƙarfinsa bai kai na hoton likita ba, amma ya ishi yin ɓarna sannu a hankali, shekara bisa shekara. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, kamar farin ƙwai ɗanye. Tsufa kan sa ya soma dishewa, kamar yadda farin ƙwai ke yin fari in ya ji wuta. Wannan ita ce yana. Tsufa ne uban tafiya, taba da ciwon sukari suna ƙara mata gudu, rana kuma tana ingiza ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kamar 10 cikin 100 na waɗanda yana ta makantar, da hannun wannan haske a ciki.

A ƙasarmu kuwa hasken daga sama da ƙasa yake zuwa. Farin rairayi yana mayar da shi cikin ido, haka filin kanwa a kwari, haka fuskar ruwa ga masunci da mai ban ruwa. Hazo da gajimare ba su tare shi duka. Shi ne kuma yake taimaka wa wannan ƴar tsoka da ke tasowa daga gefen hanci tana rarrafe zuwa baƙin ido. Mai walda da ke gyaran injin ban ruwa ba gilashi, ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi, shi ma wannan hasken ne ya ƙone shi, amma a dare ɗaya.

Kakanninmu ba su san sunansa ba, amma malfar Bafillace mai faɗin baki da rawanin da ke sauko wa gira sun fi hular yayi amfani nesa ba kusa ba. Ku duba inuwarku: in ta fi ku gajarta, lokacin ne hasken ya fi ƙarfi, wato daga hantsi zuwa wajen la'asar. Tsinkar tattasai da shanya a yi su da sassafe ko da yamma in da hali. Baƙin tabarau na kasuwa kuwa, ba kowanne ba ne ke tare wannan haske. Wanda ba ya tarewa yana sa ido ya ƙara buɗewa a bayansa, hasken ya shiga da yawa. A tambayi ma'aikacin ido kafin a saya.

Baƙar fata garkuwa ce babba, shi ya sa yawancinmu tamoji kawai rana ke bar mana. Zabiya ba shi da wannan garkuwa, kuma sankarar fata tana kama shi tun yana matashi. Kada a tura yaro zabiya kiwo da tsakar rana. A sa masa riga mai dogon hannu da malfa, a kai shi likita da zarar an ga miki ko ɓawo da ya ƙi warkewa. Tsoho ma, gyambon da ya yi watanni yana canza kama, ko baƙin tabo a tafin ƙafa, abin nunawa ne.

Yanzu sai maganar idon Baba. In yana ce, babu kwalli ko ɗigo ko saiwa da ke narkar da ita. Aiki ake yi, wanda sau da yawa bai wuce rabin awa ba: a cire madubin da ya dishe, a sa na roba a gurbinsa. Tun 1949 aka soma wannan a Ingila. Muna roƙonku da babbar murya, kada ku ba masu yawo kasuwa-kasuwa su soka tsinke su tura yanar cikin ido. Mutum kan ga haske kwana kaɗan, daga baya ciwo ya taso, ido ya mutu, likita kuma ba shi da sauran dabara.

Ba kowane hazo ne yana ba. Akwai hawan jinin ido, wanda ganin da ya cinye ba ya dawowa, don haka kada a jira sai an sauke kaka. A fara da likitar da ke kusa, su za su ba da takardar zuwa Maine Sorowa ko babban asibitin Difa. A tafi da ɗan rakiya. Bayan aiki kuma, a nisanci ƙurar sussuka, da dakan tattasai, da jan guga a rijiya, har ranar da likita ya sallama.